Bayan daina maganin ƙwaƙwalwa: barci ya ƙaurace, sha'awa ba ta dawo ba

Ummu Khalil: Salamu alaikum. Ma'aikatan lafiya, ku ba mu abin da kuke gani. Mutum ya ajiye magani, barci ya gagara, harkar iyali kuma shiru. Me ke jawo haka?

Baban Amira, mai haɗa magunguna: Wa'alaikumus salam Hajiya. A fara duba wane magani ne. Risperidone da haloperidol suna ɗaga sinadarin prolactin, shi ke kashe sha'awa, ya raunana namiji, ya tsayar wa mace da al'ada, har nono ya kawo ruwa ba shayarwa. In ƙwaya ce, prolactin kan sauka cikin kwanaki, amma al'ada kan ɗauki makonni. Allurar wata-wata daban ce. Allurar haloperidol decanoate sai kamar mako 3 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka lissafin na watanni ne.

Sista Maman Yusra: Mata a kula. Ciki kan shiga tun kafin a ga jinin farko, saboda ƙwai ke riga al'ada dawowa.

Dakta: Barcin ya fi damuna. Olanzapine, quetiapine da Largactil suna sa barci ta hanyar toshe aikin histamine, sinadarin da ke riƙe mutum a farke. A yanke su dare ɗaya, sai ido ya bushe har asuba, ga gumi da tashin zuciya. Wannan kan fara cikin kwanakin farko ya lafa a makonni. Amma rashin barci shi ne kuma ɗan aiken dawowar ciwon. In mutum ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, kuma bai gaji ba, surutu ya ƙaru ko ya fara zargin mutanen gida, a kai shi asibiti ranar.

Ragewa ake yi tare da likita, kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na abin da ake sha a lokacin, da makonni a tsakani. Ƙarshen ya fi wuya, nan ake ƙara sassautawa. Artane ma, da ake haɗawa da su don hana rawar jiki da sandarewa, ba a yanke shi farat ɗaya.

Baban Amira: Gaskiya ne Dakta. In wata 3 ya wuce namiji bai ga canji ba, a auna prolactin da safe, da sukari, don olanzapine kan jawo ciwon suga, shi ma yana raunana gaba. Maganin ƙarfin maza na tasha da tramadol da diazepam, a bar su. Wanda sha'awa ce ta sa ya gudu daga magani, ya tambayi likitansa aripiprazole, ba ya cika ɗaga prolactin.