Tambaya kan sankarar dubura da ta bazu zuwa mazakuta

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci game da yayana da ke nan Damagaram, wanda aka yi wa tiyatar sankarar dubura. Yanzu wasu ƙululai masu tauri sun fito a mazakutarsa, gabansa yana miƙewa da azabar zafi ba tare da sha'awa ba, fitsari kuwa sai ɗigo-ɗigo. Awon naman da aka ɗiba ya tabbatar da cewa cutar ce ta sauka can, abin da likitansa ya ce ba kasafai yake faruwa ba. Shin gashi da haske (wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura) a Yamai zai iya rage masa zafin, ko kuwa sai an yanke? Kuma yaya za mu yi da matsalar fitsarin kafin tafiyar, tunda hanyar doguwa ce?