Hemp da Hausa, a taimaka kafin ƙarfe 4

Mai Fassara: Salam jama'a. Ina da shirin da za a naɗa ƙarfe 4 kan yin takarda da hemp maimakon sare bishiyoyi. Shukar wata 4 ta isa girbi, bishiya kuwa sai an yi shekaru ana jira. To in na ce wiwi a rediyo ai shi kenan, ba mai tsayawa jin sauran bayanin. Me zan kira ta?

Uwar Biyu: Rama mana ƙanena, ba zare ake cira a jikin karan ba?

Ɗan Gona: A'a Hajiya, rama daban. Ita ce kenaf, Hibiscus cannabinus, ita ma ana takarda da ita, shi ya sa in ya ce rama ya haɗe shuka biyu. Hemp kuwa Cannabis sativa ce, jinsinsu ɗaya da wiwi, sai dai sinadarin THC mai bugarwa kaɗan ne, dokar Amurka ta 2018 ta ce kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. A ce wiwin zare kawai.

Tsohon Malami: Wiwin zare kuma? Haba. Na daɗe da ƙirƙiro ZARENIYA, daga zare, ina da ita a rubuce. Ku yaran yanzu ba ku son naku, komai sai aro.

Ɗan Gona: Allah ya gafarta Malam, alƙalami da littafi ma ai daga Larabci suke kuma ba su rage mu da komai ba. Zareniya wa zai gane? Ni wallahi na zaci sunan amarya ne 😂

Tsohon Malami: Kwamfuta ma ba da ita aka haife ku ba, ji kuka yi har kuka saba. Ina koyar da nahawu tun ba a yaye ka ba.

Uwar Biyu: To an fara. Malam a yi haƙuri, yaron nan agogo yake kallo.

Mai Fassara: Wallahi kuwa Hajiya. Kuma a rubutun da nake fassarawa akwai inda aka ce Cai Lun na ƙasar Sin ya haɗa takarda a shekara ta 105 da ragowar hemp da tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi, in na ce ragowar wiwi sai a zaci guntun da mashaya suka yar ne. Ga wani wurin da ya raba dogon zaren ɓawo, wanda ake takardar sigari da shi, da cikin karan.

Ɗan Gona: Na cikin ka ce totuwa, kowa zai gane. Shi zaren ɓawon lignin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa itace tauri, bai kai na itace ba, to ba ya cin sinadari da yawa wajen mayar da shi fari. Amma kar ka manta ka faɗi tsadarsa, ita ce ta hana shi ture itace.

Mai Fassara: To ga abin da zan yi: farko in ce hemp, wato irin wiwin da ake nomawa don zarensa, ba ya bugarwa. Daga nan wiwin zare har ƙarshe.

Tsohon Malami: Je ka naɗa, na yau ne kawai. Amma ban janye zareniya ba.

Mai Fassara: Na gode Malam. Lignin ɗin fa?

Ɗan Gona: Ka ce lignin kawai, ka wuce, saura minti 20.