Yarona ya daki bayan motar wani: mu biya da aljihu ko mu nemi inshora?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da yamma Sadik, ɗan shekara 18, ya ɗauki motar babansa zai sayo gas, ya daki bayan wata Corolla a shataletalen Dangi da ke Kano. Alhamdulillahi babu wanda ya ji ciwo, bamba ce ta lotsa, fitila ɗaya ta fashe. Mai motar ya ce a gyara masa kawai. Muna da inshorar nan ta dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Ummi:
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Yana da lasisi? Nawa yana da shekara 17 ya goge wa mai adaidaita sahu gefe. Kamfanin inshora ya ce babu lasisi babu biya, kuma da gaskiyarsu, tunda hukumar kiyaye haɗurra ba ta ba wa ɗan ƙasa da 18. Da aljihuna na gyara.

Maman Sadik:
Yana da shi, Alhaji, watan jiya ya fito.

Abu Hanif:
To ku nemi kamfanin inshorar yau, kada a ja lokaci. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ta mayar da kuɗin inshorar dole naira dubu 15, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Taku motar kam ba ruwansu da ita. Ku fara duba lambar motar a shafin NIID, inda ake tantance takardun inshora a intanet, don takardun bogi sun yi yawa. Lokacin da ƙanina ya yi irin wannan, hotuna muka ɗauka kafin mai gyara ya taɓa komai, suka nemi rahoton 'yan sanda da kiyasin kuɗin gyara. Sun biya, amma sai da mai motar ya yi ta haƙuri.

Malama Hauwa:
Mu sulhu muka yi, Maman Sadik, don mutumin da motar yake cin abinci, ba zai iya jira ba. Maigidana ya tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da shi da yaron, aka sayo bamba ta hannu, yaron yana tsaye ana ciniki, ya ji kuɗin da kunnensa. Aka rubuta takarda gaban shaidu biyu cewa an gama magana. Ku yi wannan takardar, don Allah, kada bayan wata a dawo muku da zancen giya ta lalace.

Maman Sadik:
Na gode. Mun duba, takardar tamu ta gaske ce. Babansa zai kira kamfanin da safe, idan mai motar ya yarda ya jira.