"Da muguwar rawa gara ƙin tashi": ta hau kan mai koyon hawan doki?

Sagir: Jama'a, a warware mini wannan. Matasa da yawa na sha'awar kilisa, amma da an kunto doki daga turke sai gabansu ya faɗi, su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A nan ne muhallinta?

Malam Habu: A'a, Sagir. Rawa a fage ake yin ta, gaban jama'a. Wanda bai taɓa riƙe linzami ba ya ce zai shiga Hawan Daushe, shi ake jefa wa wannan magana. Mai koyo a bayan gari kuwa bai shiga fage ba tukuna. Tasa ita ce "da koyo akan iya".

Baba Ɗanjuma: Malam, ban ƙi taka ba, amma kada a raina tsoron yaran nan. Doki yana jin sa a jikin mahayi. Mai fargaba yakan matse cikin doki da dugadugansa, doki ya ɗauka an ce ya tafi, shi kuma a lokacin yana fizgar linzami. Umarni biyu ke nan masu karo da juna. Linzaminmu na gargajiya kuma yana da zafi a baki, fizga ɗaya mai ƙarfi ta isa ta sa doki ya miƙe da ƙafafun gaba. Wanda jikinsa ke ɓari a ranar, ƙin tashin ya fi masa.

Malam Habu: To ai maganin ɓarin ake nema, Baba. Kwana uku na farko kada ma ya hau. Ya ba doki dusa, ya goge shi, ya ja shi da ragama yana tafe daidai kafaɗarsa ta hagu. Kada ya ɓullo masa ta baya, don nan ne ba ya gani, nan ne kuma harbi yake. In ya ga kunnuwa sun kwanta baya, ya dakata.

Baba Ɗanjuma: Ƙara da majayi. Doki yakan kumbura ciki lokacin ɗaura sirdi, bayan tafiyar minti biyar sai majayin ya saki, sirdi ya juya da mutum. A sake duba shi: yatsu biyu su shiga, kada su wuce haka. Takalmi kuma wanda zai zare daga likkafa da sauƙi, domin ƙafa ta maƙale doki na gudu ita ce babbar masifa.

Sagir: Ke nan karin maganar tana da gaskiya ga sukuwa, ba ta da ita ga hawan farko?

Malam Habu: Kusan haka. Hawan farko a kan tsohon doki mai sanyin hali, a fili mai yashi, wani na riƙe da ragama, minti goma sha biyar na tafiya zalla. Sassarfa sai ya iya tsayar da doki da juya shi ba tare da ya kama sirdi ba.

Baba Ɗanjuma: Kuma ban da ƙaimi, ƙarfen nan na dugadugi da ake zungurar doki da shi. Ko aro aka ba shi, ya bar shi a barga.