Doka ce ta hana garinmu gidan talabijin, ko rashin kuɗi?

Malamin Firamare: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan cewa doka ce ta hana ƙaramin gari irin namu mallakar gidan talabijin. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce in ba gwamnatin tarayya ko ta jiha ba, babu mai buɗe rediyo ko talabijin sai da amincewar shugaban ƙasa. Ke nan takardar ƙungiyar ci gaban gari sai ta bi ta NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, har fadar shugaban ƙasa, layi ɗaya da ta attajirin Legas. Jiya a ƙofar gidanmu yara sun yi wa akwatin talabijin zobe suna kallon ƙwallon Ingila, alhali ruwa ya cinye gadar da muke bi zuwa kasuwa, ba tashar da ta nuna.

Tsohon Injiniya: Malam, na yi shekaru ina kula da tiransmita, wato na'urar da ke watsa shirye-shirye zuwa gidaje. Ko yau aka miƙo mana lasisi kyauta, wa zai sayi man janareta? Na'urar nan ba ta jure zafi, sai an sanyaya mata ɗaki dare da rana. A Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashin naira biliyan 2.6, har da AIT da Silverbird. In manya sun gaza, ina ga mu?

Malamin Firamare: Baba, ai hujjata ka ƙarfafa. Bashin na sabunta lasisi ne, wanda ake yi duk shekara biyar. Nauyin da ya danne raƙumi shi ake son jaki ya ɗauka.

Hajiya Mai Shago: Ku yi haƙuri, ni ban yarda a sassauta ba. Dokar NBC ta hana a ba jam'iyya ko ƙungiyar addini lasisi, kuma wallahi an yi daidai. Wanda zai zuba mana man janareta lokacin zaɓe, shi ne zai mallaki bakin tashar. Gari ne da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a allo ta isa raba zumunci.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, tsoronki gaskiya ne, amma a Nijar tun 1999 aka buɗe rediyon al'umma a Bankilare, yau sun haura ɗari, suna sanar da rigakafi da ɓatan dabbobi da farashin gero. A Najeriya sai a 2015 aka ba da lasisi 17 na farko. Ba fin ku kuɗi muka yi ba.

Hajiya Mai Shago: Ɗana, rediyo daban, talabijin daban.

Tsohon Injiniya: Akwai abin da kuka tsallake. A tsarin dijital da aka fara a Jos a 2016, ya iso Kano a 2021, tasha ba ta kafa tiransmita tata. Shirye-shirye take haɗawa ta miƙa wa kamfanin da ke rarraba sigina. Wannan ya rage mana rabin wahala, na yarda. Sai dai a biya kamfanin, kuma kowane gida ya sayi dikoda.

Malamin Firamare: To Baba, tunda tiransmita ta fita daga wuyanmu, me ya rage in ba lasisin ba? Kyamara biyu da ɗaki ɗaya ƙungiya za ta iya. Hajiya kuma ki shiga kwamitin da zai tace abin da za a nuna.

Hajiya Mai Shago: Zan shiga, da sharaɗin a rubuta cewa ba za a karɓi ko kwabo daga ɗan takara ba.