Idan babu gwajin bijire wa magani, ta yaya asibitin masu HIV zai gane haɗari?

Mai Rajista: Assalamu alaikum. Yawancin asibitoci ba su da halin yin gwajin da ke nuna ko ƙwayar HIV ta bijire wa magani. To me za a duba a gane matsala tun da wuri?

Likita: Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tana cikin rajistarku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin gargaɗi. Ku duba mutum nawa suka karɓi magani kan lokaci, wato ba su wuce kwana 2 bayan ranar ƙarewar nasu ba, da nawa ke zuwa har yanzu wata 12 bayan fara magani. Wanda ya fi damuna shi ne yankewar magani a sito, ko na wata ɗaya ba a yarda da shi ba. Ƙwayar tana sauya kama ne idan tana hayayyafa alhali magani ya yi ƙaranci a jini. Maganin HIV mai suna efavirenz ya fi magungunan da ake haɗa shi da su daɗewa a jiki, don haka idan aka tsaya sai ya rage shi kaɗai, kuma sauyi ɗaya a ƙwayar ya isa ya karya shi. Dolutegravir, wani maganin HIV ɗin, ya fi tauri, amma kada a saki jiki.

Ɗan Lab: Gwajin yawan ƙwayar cuta ana yin sa a wata 6 da wata 12 bayan fara magani, sannan duk shekara. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini, a zauna da mutum a gano abin da ke hana shi shan magani, a maimaita bayan wata 3. In bai sauka ba, likita ya duba batun layi na biyu, wato magungunan da ake komawa idan na farko sun gaza. Inda ake tafka asara shi ne sakamako ya dawo ya kwanta a fayil, ba wanda ya kira mai shi. Kuma kada a yi murna da alƙaluma masu kyau idan rabin mutanen ba a gwada su ba.

Mai Ba Da Magani: Likita, a ƙara da wannan. Mai shan rifampicin na tarin fuka yana buƙatar ƙarin dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12, don rifampicin yana rage ƙarfin dolutegravir. Maganin ƙwannafi mai magnesium ko aluminium kuwa yana hana shi shiga jini: a sha dolutegravir awa 2 kafinsa, ko awa 6 bayansa. A riƙa tambaya, mutane ba sa ɗaukar waɗannan a bakin magani balle su faɗa.