Abin da masu tayar da tsohuwar Vespa suka ce

Hira ta yi tsawo tsakanin makanikai da masu sha'awar tsofaffin babura, kuma kusan duk ta ƙare ne a kan Vespa, babur ɗin da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, wanda iyayenmu malaman makaranta suka sha hawa.

Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne: kafin ka biya kuɗi, ka kwantar da ita ka duba ƙarƙashin wurin ɗora ƙafa. Jikin Vespa shi ne ƙashin bayanta, ba ta da wani firam a ɓoye, don haka in tsatsa ta cinye nan, injin mai kyau ba zai cece ka ba. Wani dattijo ya ƙara da cewa a riƙa bin jikin da maganaɗisu, inda bai kama ba an cike rami ne aka shafa fenti.

Injin kuwa ba ya ba su tsoro. A wanke tanki da kafireta, a sauya filogi da wayoyin giya guda biyu, a haɗa fetur da baƙin mai, yawanci mililita 20 a lita ɗaya. Kayan LML, kamfanin Indiya da ya ƙera irin wannan babur, sukan shiga samfurin Vespa mai suna PX, wanda ya fara fitowa a 1977.

Kan fenti aka yi ta musu. Matasa na son launi mai ƙyalli da sabon bututun hayaƙi, wato salansa, dattawa sun ce a bar ta yadda ta fito. Ni dai ina bayan dattawa.